Taurari a Kafaɗa, Takalmi Ba Ƙura

A daminar 2021 na kwana a Kaduna, da sassafe na tafi Mando na shiga motar Birnin Gwari. A lokacin ba wanda ke tambayar kuɗin mota kafin ya tambayi lafiyar hanya. Da muka isa Buruku aka ce a dakata, sai motoci sun taru an sami rakiya. Muka yi cirko-cirko a bakin titi, tirela da Golf da Sharon da motocin hatsi, kowa ya koma gefe yana waya da iyalinsa, yana sallama a fakaice. Kusa da mu akwai shinge na buhunan yashi da ganguna, wani yaro mai kaki yana zaune a kan kututture, bindiga a cinya. Ba zai wuce shekara 22 ba. Takalminsa ne ya ɗauki idona. Ƙasan na hagu ya ɓare, ya ɗaure shi da roba irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Wata tsohuwa da ke motarmu ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa ƙuli-ƙuli, ya sa hannu biyu ya karɓa. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗana, ku kaɗai ne a nan? Ina manyanku?" Ya ce, "Inna, suna gari."

Bai faɗa da fushi ba. Ya faɗa ne kamar wanda aka tambaya ta ina rana ke fitowa.

To, da ku nake, ku na gari. Yallaɓai masu taurari da takubba a kafaɗa, masu jiniya da motocin rakiya, ku yi haƙuri da ni, yau ba kirari na zo yi muku ba. Wannan yaro da ire-irensa ba ruwana da su, sun biya da jininsu, wasu ma ba a sami gawarsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da gardin nake magana.

Da wuya a sami garin da ya tara kaki a ƙasar nan kamar Kaduna. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana nan tun 1964, haka ma kamfanin ƙera makamai na DICON a Kakuri. Kwalejin manyan hafsoshi tana Jaji, wurin horar da kurata yana Zariya, makarantar igwa tana Kachiya, har sojan ruwa suna da makarantar makamai a can. Sansanin sojan sama kuwa a Mando yake, daidai inda hanyar Birnin Gwari ta tashi. Daga nan zuwa fadar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu kilomita 120 ne da 'yan kai. Wannan ce babbar hanyar da kakanninmu da iyayenmu suka bi zuwa Tegina da Ilori da Ikko. Amma aka shafe shekaru direban tirela ya gwammace ya yi dogon zagaye ya ƙona man kwana guda da ya ratsa ta. A ƙofar gidanku aka yi wannan.

Kuma ba dare ɗaya abin ya faɗo ba. A watan Oktoban 2012 aka kashe fiye da mutum 20 a Dogon Dawa, wasunsu suna fitowa daga sallar asuba. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. Ranar 5 ga Mayun shekarar aka shiga Gwaska da rana, aka ƙone gari, gawa 45 aka fara ƙirgawa kafin adadin ya ƙaru. Daga Dogon Dawa zuwa Gwaska shekara biyar da rabi ke nan. Yaron da aka haifa ranar harin farko ya isa shiga makarantar allo ranar na biyu. Me aka yi a tsakani?

Bari in kawo muku wani mutum daga nesa, ɗan sana'arku, don kada a ce farar hula ne ke koya wa soja yaƙi. Na san a Jaji ana karanta tarihin yaƙe-yaƙen duniya, don haka sunan ba baƙo ba ne a wurinku. Togo Heihaciro, Admiral na Japan. Mai karatu kada ya ɗauka Togo ta Lome ce, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wani zai ce ina ruwan Birnin Gwari da teku, mu da babban ruwanmu bai wuce kogin Mariga ba? Amsar ita ce teku da daji ɗabi'arsu ɗaya a wurin mayaƙi. Wuri ne mai faɗi da ba shi da ƙofa, maƙiyi yana ɓuya a ciki, ya fito lokacin da ya ga dama, ya koma. Wanda ya fi sanin wurin, ya fi haƙurin zama a cikinsa, shi ke da shi.

An haifi Togo a Kagoshima a 1848. Yana ɗan shekara 15, a watan Agustan 1863, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garinsu ruwan wuta, yana cikin masu taya harba igwa a bakin gaɓa. Ya ga da idonsa yadda ake ƙone garin mutum daga kan ruwa ba yadda ya iya. A yaƙin basasar Japan na 1868 zuwa 1869 yana cikin jirgin Kasuga. Daga 1871 zuwa 1878 yana Ingila yana koyon aikin, shekara bakwai, ciki har da zagaya duniya a jirgin iska a matsayin ƙaramin matuƙi mai hawa igiya da wanke daɓe. Kafin a ba shi jirgi ya jagoranta, ya san nauyin guga.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zan wanke shi ba. Ranar 25 ga Yulin 1894, yana kyaftin ɗin jirgin Naniwa, ya nutsar da wani jirgi mai tutar Ingila, Kowshing, ɗauke da sojojin Sin fiye da 1,000. Ya tsamo wasu daga cikin Turawan jirgin, ya bar sojojin Sin a ruwa, galibinsu suka halaka. Nasarorinsa kuma su suka share wa Japan hanyar haɗiye Koriya a 1910. Wannan yana kansa. Abin da nake so ku duba a rayuwarsa ƙanƙane ne: a ina yake tsayawa idan wuta ta tashi, kuma me yake yi kafin ta tashi.

A ƙarshen 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama a Burmi a tsakiyar mutanensa, Japan ta ga yaƙi da Rasha ya matso. Ministan sojan ruwa, Yamamoto, ya cire kwamandan rundunar jiragen ƙasar, Hidaka, wanda abokinsa ne tun ƙuruciya, ya ɗauko Togo daga wani sansani da ke Maizuru inda mutane suka ɗauka ritaya yake jira. Da yaƙi ya zo, abota ta koma gefe. Ku faɗa mini gaskiya, yallaɓai, sau nawa aka tura mutum Birnin Gwari don shi ya fi cancanta, sau nawa kuma aka tura shi don ba shi da uban gida da zai nema masa kujera a Abuja?

Yaƙi ya fara a watan Fabrairun 1904. Ranar 15 ga Mayu, a yini ɗaya, nakiyoyin ruwa suka cinye manyan jiragen yaƙinsa biyu, Hatsuse da Yashima. Shida gare shi gaba ɗaya, kuma Japan a lokacin ba ta ƙera irinsu, daga Ingila ake sayowa. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi tsakanin hantsi da la'asar. Bai janye ba. Ya cike gurbin da jirage biyu masu ƙaramin sulke, Nisshin da wani sabon Kasuga, ya ci gaba da tsare bakin Port Arthur, tashar jiragen yaƙin Rasha, wata da watanni cikin sanyi da hazo, har garin ya faɗi a farkon Janairun 1905. A cikin jirgi yake kwana, a nan yake cin abinci, igiyar ruwan da ke jijjiga ƙaramin matuƙi ita ke jijjiga shi.

Nan ne wurin da na fi so ku tsaya. Bayan faɗuwar Port Arthur sai teku ta yi shiru. Rasha ta riga ta taso da wata rundunar jirage daga tekun Baltik tun watan Oktoban 1904, a ƙarƙashin Admiral Rojestbenski, amma tafiyar mil 18,000 ce ta ruwa, manyan jiragenta sai da suka zagaya ta ƙasan Afirka. Togo ya sami watanni na sarari. Ya kai jiragensa aka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kwashe rundunar ya kai ta mashigar Cinhe a kudancin Koriya, ya sa maharban igwa atisaye safe da yamma, harbi a kan harbi, har hannu ya saba. Ya raba tekun gida-gida a kan taswira, ya baza jiragen leƙen asiri, kowanne da yankinsa da na'urar aika saƙo ba waya, wadda a lokacin sabuwa ce fil. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa wata huɗu ya yi yana fafe nasa.

Cikin daren 27 ga Mayun 1905, kafin asuba, wani jirgin leƙe mai suna Shinano Maru ya hango fitila a cikin hazo. Ya matsa ya tabbatar, ya aika saƙo. Gari na wayewa Togo ya ɗaga. Da rana suka haɗu a mashigar Tsushima. Jirginsa, Mikasa, shi ne a gaban layi, don haka a kansa igwogin Rasha suka fi taruwa, harsashi fiye da 30 ya same shi. A jirgin akwai ɗaki mai kaurin sulke da aka gina musamman don kwamanda. Togo, yana da shekara 57, ya ƙi shiga. A fili ya tsaya a saman jirgi da madubin hangen nesa a wuya, ruwan teku na fantsamo masa, har aka gama. Zuwa washegari Rasha ta rasa jirage 21 a ƙarƙashin ruwa, an kashe mata fiye da mutum 4,000, an kama kusan 6,000. Japan ta rasa ƙananan jirage uku da mutum 117.

Ba ina cewa janar ya ɗauki bindiga ya shiga gaban kurtu ba ne. Na san aikin kwamanda ya ga fagen duka. Amma daga inda Togo ya tsaya yana ganin abin da yake ba da umarni a kai, kuma duk matuƙin da ya ɗaga kai yana ganinsa. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Madawaki da Barde da Sarkin Yaƙi ba don hawan sallah aka ƙirƙiri sarautunsu ba. A da, mai irin wannan rawani idan aka dawo daga fage ba ƙura a jikinsa, matan gari ma sun ishe shi.

Yanzu mu dawo gida mu auna. Togo ya dogara da saƙon jirgi ɗaya ya tashi runduna guda cikin sa'o'i kaɗan. A ƙauyukanmu kuwa jiragen leƙen asirin su ne manoma da masu itace da mata masu ɗiban ruwa. Babura 50 ba sa wucewa a ɓoye. Ana jin rurinsu, ana ganin ƙurarsu, ana sanin mashigin da suke ƙetarewa da ƙauyen da suke sayen burodi da mai. Tambayi duk wanda ya zauna a Randagi ko Kakangi ko Kuyello, zai gaya maka sau nawa aka buga waya tun da hantsi aka ce ga su nan sun taru, aka amsa da cewa ba a ba da umarni ba, ko ba mai a mota, sai bayan an yi jana'iza a ga motoci sun iso. Ihu bayan hari. A ƙarshen Satumban 2021 ma sai aka datse layukan waya a yankin kusan wata biyu. Ɗan bindiga ya hau dutse ya nemi sabis na wata jiha, manomi ya rasa yadda zai ce a kawo ɗauki.

Abin da muka iya shi ne suna. Sharan Daji, Harbin Kunama, Diran Mikiya, Hadarin Daji, Fansan Yamma. Ko nahawun wasu ba a tsaya an gyara ba, amma wannan ƙaramin laifi ne. A Yulin 2016 shugaban ƙasa da kansa ya sa kaki ya je Dansadau ya ƙaddamar da Harbin Kunama. Bayan Gwaska, a watan Mayun 2018, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Tukur Buratai, ya zo Kamfanin Doka aka buɗe sansani aka sa wa aikin suna Idon Raini. An yi fareti, an ɗauki hoto, manya suka koma gari. Shekara huɗu bayan haka, a 2022, 'yan ƙungiyar Ansaru masu ɗauke da makamai suna yawo a Damari da kewaye suna wa'azi, suna raba takardu, suna hana harkar siyasa, har gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa ana kafa wata gwamnati a cikin gwamnati a Birnin Gwari. Manomi sai ya biya kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta fitar da sanarwa har muryarta ta dishe. Idon wa aka raina a nan?

Sai kuma yaƙin sanarwa. "An hallaka 'yan bindiga da dama, sauran sun tsere da raunukan harbi." Wannan jimla ta zama kamar addu'ar rufe taro, yaran gari ma sun haddace ta. A watan Fabrairun 2020 'yan sanda suka ce sun kashe 'yan ta'adda 250 a dajin Kuduru. Da za a tara duk waɗanda aka kashe a takarda daga 2015 zuwa yau, da tuni dajin Kamuku mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,100 ya koma hannun gwanki da giwa. Ko lissafin 'ya'yanmu ba ya zama daidai. Ranar 7 ga Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, a kan wannan hanya dai, aka ce 287 ne. Da aka sako su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, a Zamfara, aka ce 137 ne duka-duka. Tambayar da ba a amsa ba ita ce yadda aka kora yara sama da ɗari a ƙasa, da rana, aka ƙetare da su daji har wata jiha, ga sansanin jiragen sama a Mando.

Japan ɗin ma ta kamu da wannan cuta, kuma ita ta kashe ta. Tun a zamanin Togo gwamnati ta ɓoye wa jama'a nutsewar Yashima fiye da shekara guda, sai dai a lokacin kwamandojin ba su yaudari kansu ba, sun san jirage huɗu suka rage, da huɗu suka yi lissafi. Magadansa ne suka fara gaskata sanarwarsu. A watan Yunin 1942, a Midway, Amurka ta nutsar musu da manyan jirage masu ɗaukar jiragen sama guda huɗu, suka sanar cewa ɗaya ne ya nutse. Daga nan ƙarya ta hau kan ƙarya, ana ta shelar nasara a rediyo har wuta ta iso Tokyo. Togo ya mutu a 1934, bai ga wannan ba. Ranar da kwamanda ya fara karanta sanarwar kakakinsa don ya san halin da fage ke ciki, an gama da shi.

Akwai kuma maganar ɗaukar laifi, kuma a nan wanda aka ci da yaƙi ne zai koya muku. An ji wa Rojestbenski rauni a ka a Tsushima, aka kama shi ba ya cikin hayyacinsa, har Togo ya je duba shi a asibitin Sasebo. Da ya koma gida ya tsaya gaban kotun soja a 1906, ya ce laifin nasa ne, a bar na ƙasa da shi. Admiral Nebogatof, wanda ya miƙa wuya da sauran jiragen, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Mu ma mun yanke irin wannan hukunci. A watan Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram, suna kukan ba su da makamai, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Shekarun ɗaya ne, kafaɗun ne suka bambanta. A can Admiral aka ɗaure, a nan kurata. Ba a jima ba kuma ƙasa ta cika da labarin dala biliyan 2.1 na sayen makamai da inda suka bi.

Daren 24 ga Agustan 2021 'yan bindiga suka shiga cikin NDA a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, ɗaya daga cikinsu na sojan ruwa, suka tafi da wani Manjo. Wata biyar kafin nan, a maƙwabtan wurin, an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji. Gargaɗi ya wuce wannan? Gidan da ake ƙera janar-janar aka shiga aka fita. A ƙasar da kunya ke da sauran daraja, kafin azahar wani babba zai cire hularsa ya ajiye a kan tebur ya ce a kaina aka yi. Mu dai ba mu ga hular kowa a kan tebur ba.

Kada a ce ban ga na kirki ba. Na gani, kuma su ne hujjata a kanku. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda yaransa ke kira Sarkin Yaƙi, a cikin tankarsa yake shiga gaba, kuma a fage ya cika a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. A nan gida kuwa, da aka kawo Manjo Janar Taoreed Lagbaja ya riƙe Runduna ta Ɗaya a watan Agustan 2022, sai aka fara jin shi da kansa yana shiga dazukan Chikun da Birnin Gwari tare da yaransa. Dajin bai canja ba, bindigogin su ne dai, sojojin su ne dai, amma masu bin hanya sun ga bambanci. Da jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, Lagbaja, a lokacin shi ne babban hafsan sojan ƙasa, ya taka har ƙauyen ya tsaya gaban masu makoki ya nemi gafara. Hakan bai dawo da rai ko ɗaya ba. A watan Mayun 2024 an sanar cewa mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja, kuma haƙƙin mutanen Tudun Biri ne a je har garinsu a karanta musu hukuncin da Hausa. Amma dai ya je. Ya rasu a Nuwamban 2024. Abin takaicin shi ne a ƙasar da ke da ɗaruruwan janar-janar, idan aka ce a lissafa masu irin wannan hali, yatsun hannu sun wadatar.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, wasu jagororin daji suka fito, aka buɗe kasuwar kara da ta shafe kusan shekara 10 a rufe. Motoci suka dawo hanya, mutane suka koma gonakin da suka zama kurmi. Ba zan yi wa wannan tsaki ba. Wanda bai taɓa sayar da gonar gado ya fanshi ɗansa ba shi ke da bakin raina sulhu. Na ga masara a inda na ɗauka ba za a sake ganinta ba, na yi hamdala. Sai dai, yallaɓai, kada ku rataya wannan a ƙirjinku tare da lambobin yabo. Waɗanda suka rufe hanyar su suka yarda aka buɗe ta. Zaman teburi ne ya yi abin da shekara goma na sunaye masu daɗi suka kasa. Kuma dajin nan ba shi da katanga: ta arewa yana haɗe da Kuyambana ta Zamfara, ta yamma da kudu yana shiga Neja, can kuwa ba a ajiye bindiga ba. Mai mabuɗi a aljihu yana iya sake kullewa ranar da ransa ya ɓaci.

Wannan shirun da aka samu shi ne naku watannin Cinhe. Yanzu ne ake bin kowace burtali da kowane mashigi a sa a taswira, tun hanya tana biyuwa. Yanzu ne ake zama da dagatai da ardo-ardo, Hausawa da Fulani da Gwari, a san juna da suna, a ajiye lamba guda da idan manomi ya kira za a ɗauka kuma a fito. Yanzu ne ake gyara motocin da ke kan duwatsu a sansani, a biya alawus ɗin yara a kan kari ba tare da wani ya gutsura ba, a sauya waɗanda suka shekara biyu a daji ba su ga 'ya'yansu ba. Yanzu ne ake matsa wa masu gyaran titi, domin a inda rami ya sa mota ta rage gudu a nan ake tare ta, duk direban hanyar zai nuna maka wuraren da yatsa. Idan kuka ɓatar da wannan sarari a bukukuwan ƙarin girma da liyafar ritaya, ranar da babura suka sake ruri kada wanda ya ce mana an shammace shi.

Roƙona ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Duk wanda aka ba amanar wannan yanki, ya bar jirgi mai saukar ungulu a Mando ya biyo titi. Ya tsaya a Buruku da Udawa da Kuriga. Ya wuce cikin gari ya kwana a Dogon Dawa, ya kwana a Kuyello, ya kwana a Randagi, ba tare da an aika an share wuri an yanka rago ba. Ya ci abin da yaransa ke ci, ya sha ruwan da suke sha. Da safe ya sa su jeru, kafin ya dubi bindigoginsu ya sunkuya ya dubi takalmansu.

Yallaɓai, kilomita 120 ne. Mota tana tashi daga Mando kullum da safe.